Matse Muryar Baba

Sau goma sha ɗaya na naɗi muryar Baba
a zauren gidanmu na Kwarbai,
kafin ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa.
Yana faɗin yadda ake jera azara
har ta yarda ta ɗauki nauyin rufi,
yadda ake jiƙa makuba,
yadda magini ke sauraron bango da tafin hannu.

Ɗanyen sauti ne, WAV, ba a rage masa komai ba.
Giga bakwai da ɗoriya.
Wayata ta ƙoshi har wuya.
Ladidi kuwa tana Maraɗi, data na yi mata tsada,
kullum saƙonta ɗaya: yaushe zan ji shi?

Ran Laraba na tafi Samaru, shagon Barau.
Janareto na tari a ƙofa.
Ya ce, "Opus za mu mai da shi.
Ba mai riƙe da makullinsa, ba kuɗin lasisi,
rijiyar unguwa ce, kowa da gugansa.
Amma ki sani, matsewa ce mai asara.
Abin da ya fita ba ya komowa."

Na ce, me zai fita?
Ya ce, "Abin da kunne ba ya kamawa,
ƙaramin amo da babba ya danne."
Na yi shiru.
Wa ya taɓa auna kunnen ɗiya?

Ya tambaye ni lamba: talatin da biyu, ko sittin da huɗu?
Kamar mai ciniki a kasuwar Sabon Gari
na tsaya ina taya muryar mahaifina.
Na ce sittin da huɗu.
Ya ce talatin da biyu ma ta ishi magana.
Na ce wannan ba magana ce kawai ba.

Koren layi ya ja jiki a fuskar kwamfuta.
Kafin lemona ya huce
giga bakwai ta koma 'yar ƙunshiya.

Na sa abin ji a kunne.
Ga tarinsa, bai tafi ba.
Ga kazar Inna tana katse shi,
ga dariyarsa mai giɓi.
Sai dai shirun da ke tsakanin kalmominsa,
inda nake jin faɗin zauren,
ban sani ba ko ya ƙuntata
ko ni ce nake neman abin kuka.

Shi ma haka yake yi da yaɓe:
ya kankare abin da ya yi yawa,
ya bar abin da zai tsaya da damina.

Na asalin na sa a faifai biyu,
ɗaya cikin akwatin Inna, ƙarƙashin zannuwa.
Matsattsen na tura da magariba.

Ƙarfe ɗaya na dare amsa ta zo,
daƙiƙa tara, rabinsu jan hanci.
"Uwani, har yanzu yana cewa *kin gane?*
kuma har yanzu ban gane azarar nan ba."