Cokali Huɗu

Shekara goma sha tara ina dafa shayi a Ƙofar Marke,
na san harshen kowa tun bai zauna kan benci ba.
Jabbi majemi, cokali huɗu.
Modi direban Illela, biyar, da madara har ta yi kauri.
Ni mai tukunya kuwa, wa zai ƙirga mini?

Ran wata Laraba sunka zo,
mata biyu da wani dattijo mai tabarau,
sunka kafa rumfa jikin kantin Gidado.
Awo kyauta ne, in ji su.
Na ce kyauta a wanga zamani? Da lauje cikin naɗi.

Malama Hajaru ta kama yatsana,
tsini ɗaya, awa cizon cinnaka,
ɗigon jinin bai kai ƙwayar dawa ba.
Ta dubi na'ura, ta dube ni, ta koma ga na'ura.
"Baba, sau nawa kake tashi fitsari da dare?"
Na ce zafin Sakkwato ne, ruwa nake ɗirka.
Ba ta yi gardama ba.
Alƙalaminta ya ba ni amsa.

Sai Jabbi ya faɗo mini a rai.
Ƙaya ce ta soke shi a hanyar majema, ƙaya kawai,
wata uku miki bai rufe baki ba.
Munka ce jifa ne, munka ce sammu,
munka kai shi har Wurno neman saƙe-saƙi.
Yau takalminsa na hagu
yana rataye a ƙusa, sabo fil.
Cokali huɗu, kowace safiya.
Da hannuna.

Yanzu ina da kati mai ruwan ɗorawa,
Larabar farkon wata nake kai shi.
Ƙwaya ɗaya bayan kari, ɗaya bayan isha'i.
Malmalar tuwo ta koma rabi,
zogale ya cinye gurbin da ta bari.
Bayan asuba nakan taka har bakin gulbi,
in gaida masu ban ruwan albasa, in dawo da zufa.

Gwangwanin sukari na sauke shi ƙarƙashin tebur.
Mai so sai ya tambaya,
in ya tambaya sai ya sha wa'azi.
Modi ya ce shayina ya zama jiƙon sabara,
ya ƙetare titi wajen yaron Bafashi.
Ciniki ya rame, ba zan ɓoye ba.
Uwargida ta ce likita nake ko mai shayi?

Shekaranjiya sai ga Modi,
kati mai ruwan ɗorawa na leƙe daga aljihunsa.
Bai ce komai ba, ban ce komai ba,
na ɗauraye masa kofinsa na da.

Jabbi ya jingine sandarsa jikin benci.
Na ɗaga cokali, na tsaya.
Ya ce, "Zuba yadda yarinyar nan ta ce.
Ƙafa ɗaya ta rage,
kuma ina da sauran wuraren zuwa."