Saƙon Murya Daga Bakin Teku

Keziya ta turo mini saƙon murya
ranar Laraba, bayan la'asar,
ina rumfata ta gyaran rediyo a Sabon Gari,
janareton maƙwabci na ta tari.
Ta ce, “Baba, saurari wannan.
Mutanen Motu ne, masu gidaje kan turaku a cikin ruwa.
Na zo jinyar marasa lafiyarsu,
ga shi su ke jinyar kewata.”

Na kara wayar a kunnen dama,
na hagun ya daɗe da ajiye aiki.

Ba ganga, ba molo.
Maza suka shimfiɗa murya kamar tabarma,
mata suka hau, suka zauna daram,
sai wata tsohuwa ta ratsa ta sama
siririya, kamar zare a kafar allura.
Ko kalma ɗaya ban gane ba.
Tsikar jikina ce ta gane.

Keziya ta ce waƙar a can ma baƙuwa ce.
Jirgin ruwa ya sauke ta,
ba daga akwatin Bature kaɗai ba,
har da bakin malamai 'yan wasu tsibirai
da suka baro nasu tekun suka zo wa'azi.
Zazzaɓi ya kwantar da wasunsu.
Waƙar ta bar su kwance, ta shiga gari,
ta koyi harshen masu gida,
ta yi aure, ta hayayyafa.

Sai Kaka Damaris ta faɗo mini.
Ita jirgin ƙasa ya kawo Kano,
da ƙullin daddawa, da miji lebura a reluwe.
Ba ta taɓa karanta ko harafi ba,
amma ba ta zuwa sujada sai da littafin waƙa,
wani sa'in a juye.
Baturiyar mishan ce ta koya musu a ƙarƙashin darbejiya,
tana kaɗa yatsa: ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Karin yana hawa inda kalmarmu ke sauka,
Hausar ta fito tana ɗingishi
kamar mai sanye da takalmin aro.
Kaka ta kai waƙar gindin turmi.
Taɓarya ta yi mata gyara.
Baturiya ta ce, “Damaris, ba haka ba ne.”
Kaka ta ce, “To, ranki ya daɗe.”
Ranar Lahadi ta sake yin nata.

Yanzu yaran kwaya suna da jita da lasifika huɗu.
Ban ce komai ba, zamaninsu ne.
Amma ranar Alhamis na bi lungun bayan coci,
na tarar da ragowar 'yan zumunta:
Mama Bilhatu, Mama Lo'is,
da Asabar da haƙoranta suka rage biyar.
Na ce, “Ku yi mini ta Kaka.”
Suka yi gardama kan baiti na uku,
suka yi dariya, suka share hawaye da gefen zane,
sannan suka ɗauka.
Ni na riƙe ƙasa, muryata na rawa.
A Daidaita Sahu ta wuce da hon, ta shiga cikin saƙon.
Ban goge ba. Ai Kano ce.

Kwana biyu, amsa ta iso.
Keziya na dariya har tana shaƙewa.
Wai ta kunna wa wani dattijon coci,
yana ɗinkin koma a bakin ruwa.
Ya tsai da allura, ya bi karin da hanci har ƙarshe,
ya ce, “Wannan ai ta yi kama da tamu.
Wa ya kai musu?”

Na gaya wa Asabar.
Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta taɓe baki.
“Tasu? Ka ce masa ya zo ya ga turmin.”