Kafar Allura

Shekara bakwai ke nan da aka yi mini faci a ido.
Ni da ke yi wa rigunan mutane aska takwas
a zauren gidanmu na Alfadarai,
sai ga ni kwance, wani na ɗinka ni.
Tantanin wani bawan Allah aka ɗora mini,
ya riga mu gidan gaskiya, ban san sunansa ba.
Ɗinki goma sha shida. Na tambaya.
Na ce madalla, in dai bai tattare ba.

Ya tattare.

Dishi-dishin ya tafi, na ga fuskar Ladidi,
amma wata ya zama biyu, ɗaya na goye da ɗaya,
fitilun Kwangila suka yi wutsiya.
Allura ɗaya a hannuna, biyu a idona,
in ta cusa zare a kafar da babu ita.
Tabarau uku na canza. Na huɗun
yana cikin gwangwanin maɓallai har yau.
Barau, yaron da na koya wa riƙon allura,
shi ke zura mini zare, yana kau da kai
don kada in ji kunya.

Da likita ta ambaci wani haske wai shi leza
na ce, "Tsohon faci ba ya son taɓi.
Riga kusa da ɗinki take sake yagewa."
Ta auna kaurin wurin sau uku,
ta nuna mini taswira, ja da shuɗi kamar atamfa.
"Ga tudu, ga kwari, Malam Yahuza.
Tudun za mu kankare, bai kai kaurin gashi ba.
Ban ce zai koma na saurayi ba."
Wannan ta ƙarshen ce ta sa na yarda.

Aka tokare fatar idon.
"Kalli ɗigon nan, kar ka bi komai."
Na ji ƙas-ƙas-ƙas,
na ji ƙauri kamar ana babbakar kan rago,
ashe ni ne ragon.
Ban kai Ƙulhuwallahu uku ba aka ce tashi.

Kwana huɗu ina hawaye kamar mai dakan barkono,
labule a sake, Ladidi na ɗiga magani
tana ƙirga awa da kiran sallar masallacin Juma.
Mako ya wuce, duniya na nan cikin ruwan kanwa.
Na yi shiru. Na fara zargin kaina.

Wata Laraba bayan la'asar, cikin wata na biyu,
na lashi bakin zare.
Barau ya miƙo hannu, don sabo.
Na farko ya goce.
Na biyu ya shige, ya leƙo ta baya.
Babu wanda ya ce komai.
Yaron ya mai da hannunsa aljihu.

Har yanzu in wata ya cika
akwai 'yar inuwa siririya a gefensa na hagu.
Likita ta ce ba lallai ta tafi ba.
Na ce a bar ta.
Wataƙila rabon mai tantanin ne,
shi ma ya ɗan leƙa.