Huda Bakwai

Ni ce Sahura, mai wankan gawa a Kafin Marke,
gabas da Jahun, inda hanya ke nutsewa a fadama.
Shekara talatin hannuna na cikin ruwan magarya.
Na san nauyin yaro in rai ya bar shi:
ya fi ƙwarya, bai kai tulu ba.

Sau uku na shiga gidan Ilu maƙeri.
Mantau ne na fari, damina ta tafi da shi.
Ta biyu tana tatata, hannu da ƙafa suka kumbura.
Gari ya ce wabi ne.
Gari ya sake shawara ya ce maita,
aka daina sayen daddawar Tabawa,
yara na tofar da yawu in sun gifta ƙofarta.

A kan ta biyun, likitan birni ya ce a bari ya buɗe ya duba.
Ilu ya naɗe 'yarsa a zanen uwarta, ya nufi tasha.
"A cike aka ba ni amana, a cike zan mayar."
Ban ga laifinsa ba. Har yau ban gani ba.
Mun ji labarin ɗinki daga maƙogwaro zuwa cibiya,
mun ji ana cirewa ba a mayarwa,
gawa ta kwana a firji kamar kifi
alhali masu haƙa sun jingine diga suna jira.

Ranar da Ayashe ta cika
sai ga ma'aikaciya, Lawisa, 'yar Kiyawa.
Ta tuɓe takalmi, ta zauna a ƙasa,
ta yi gaisuwa ta gama, ta bari aka yi kuka.
Sannan ta ce: ba wuƙa.
Allura ce. Ta ɗora ta a tafin hannu kowa ya gani.
Abin da za a ɗiba bai fi ƙwayar gero ba,
kuma kafin la'asar kun kai ta makwancinta.

Zaure ya rabu.
Baffa Nomau ya ce, "Sanin me? Sani zai tashe ta?
Yau allura, gobe almakashi."
Liman ya daɗe yana jan carbi.
Ya ce jikin mamaci yana da alfarma,
ya yi shiru, ya ce, haka ma na wanda ke tafe.
Don kowa ya san Barira na da ciki.

Daga bayan zana muryarta ta fito, a dushe:
"Haƙuri, haƙuri, na ci har ya ishe ni.
Ba wanda ya taɓa ce mini ga abin da ya ci su.
A yi. Amma Sahura ta tsaya a kanta."

Na tsaya.
Na riƙe mata ƙafa kamar za ta ji zafi.
Na ƙirga: huda bakwai.
Da na zo wanka na neme su da yatsa,
biyar na samu, kamar cizon sauro.
Na sa kafur, na ja likkafani.
Ba abin da ya ɓata a jikin yarinyar nan, ni shaida ce.

Sai bayan an yanke gero takarda ta zo.
Sikila, da ciwon huhu a kai.
Rabi daga Ilu, rabi daga Barira,
gadon da ba wanda ya san ya ci.
Ilu ya kwana uku bai hura wutar maƙera ba.

Nomau yana nan kan bakarsa,
kuma akwai gidajen da Lawisa ba ta wuce zaure.

Amma ran Laraba Barira ta ɗauki kwano
ta tsaya a ƙofar Tabawa, ta yi sallama.
Tsohuwa ta ƙirga mata daddawa ba ta ɗaga kai ba,
sannan ta ƙara gyara.

An haifi namiji. An ɗigi jininsa a dunduniya,
ana ba shi magani safe da yamma.
Ban san abin da Allah ya rubuta masa ba.
Na dai shiga gidan karo na huɗu
ba ƙwarya a hannuna, ba ganye,
na ci tuwon suna.