Alli Biyu a Teburin Tela

Wuta ta ɗauke a Garwa tun la'asar,
zafi ya kwanta kan kwano kamar mai bin bashi.
Tabawa jikata ta shigo, littafi a hammata,
ta ɗauki allin zanen yadina ba ta tambaya ba,
ta hau teburin yanka da rubutu.

Ta ce, "Kaka, wani abu ne aka ƙara wa uku ya zama bakwai."
Na ce huɗu mana, ko ɗan koyo ya sani.
Ta ce, "Sa biyar." Na sa, ya ƙi.
"Sa goma." Ya ƙi.
"Malam Danwe ya ce irin wannan tambaya ce ta yi shigar magana,
mutum guda take nema cikin taro.
In ba shi ya zo ba,
gajerun layukan nan biyu na tsakiya ƙarya suke shaida."

Sai idona ya kai kan ƙusa.
Kaftanin Sanda mai goro na nan rataye, wata bakwai.
Kafaɗarsa ta hagu ta fi sauka, haka na yanka,
hannun dama na rage yatsa biyu.
Ran da zai karɓa aka wuce da shi asibiti,
daga can sai makwanci.
Mutum uku sun gwada rigar,
ɗaya ta shaƙe, biyu ta yi musu dariya.

Tabawa ta shafe da tafin hannu, ta ja dogon layi:
"a da b a haɗe, a ninka su da kansu,
daidai suke da a sau a, da b sau b,
da a sau b har sau biyu.
Wannan ba ya cigiyar kowa.
Duk lambar da ta zo, gidansu ta zo."

Na kawo biyu da uku: ashirin da biyar nan, ashirin da biyar can.
Na kawo goma da ɗaya, ya karɓa.
Na kawo kuɗin yadin shadda da na zare,
bai ko ɗaga gira ba.

Na ce, to ni ma ga nawa:
abu sau kansa, daidai da abu a ƙara masa kansa.
Biyu sau biyu huɗu, biyu da biyu huɗu.
Sifiri ma ya yarda.
Ta ce, "Kira uku."
Tara ta tsaya nan, shida ta tsaya can,
ko gaisawa ba su yi ba.
Yarinya ta yi dariya har da riƙe ciki:
"Shaidu biyu ba sa zama gari, Kaka."

Na ce, ke fa? Uku kawai na gwada miki.
Lambobi sun fi yashin Binuwai yawa,
wa ya zaga ya tambaye su duka?
Ta yi shiru, tana cizon alli.
Ba su kai nan ba tukuna, in ji ta.

Na jawo ƙyallen atamfa, tsawo da faɗi ɗaya.
Na ɗiga alama a gefe, inda hannu ya faɗa,
na auna irinta a ɗaya gefen.
Almakashi ya bi sau ɗaya a tsaye, sau ɗaya a kwance.
Ga babban murabba'i, ga ƙaninsa a lungu,
ga dogaye biyu, Hassan da Husaini.
Na ce, matsar da alamar duk inda kika so,
huɗun nan za su fito,
kuma in kin jera su, ƙyallen ne dai, ko zare bai ɓata ba.

Shekara arba'in ina wannan yanka
ban san yana da suna a makaranta ba.

Ta tattara guntayen ta cusa cikin littafi,
gobe za ta kai wa Danwe.
Ana kiran magariba, wuta ba ta dawo ba.
Na sauke rigar Sanda, na kaɗe,
na mai da ita kan ƙusarta.