Mutum-mutumi Biyu

Na farkon da rana na haɗa shi, da kara da igiyar rama.
Na zura masa tsohuwar rigar Baba mai yagaggen aljihu,
na kifa masa ƙwarya a ka,
na kafa shi tsakiyar shinkafa a fadamar Auyo
don jan-baki su zaci mutum ne.
Kwana uku suna zato.
Ran na huɗu suka sauka a kafaɗarsa suna hutawa.

Na biyun da dare nake yin sa,
bayan na karɓo waya wurin Hambali mai caji,
naira ɗari, ta dawo da ɗumi da warin fetur.
Sai in hau bakin madatsa, inda sabis ke tsayawa
kamar baƙon da bai yanke shawarar kwana ba.

Aka ce zaɓi fata. Na ja yatsa har ƙarshen layi,
baƙin nasu bai kai nawa ba,
nawa rana ce ta rina, ta koma ta maimaita.
Aka ce zaɓi hanci, zaɓi ido, zaɓi gemu.
Na nemi wushirya, babu.
Na nemi zanen da wanzami ya yi mini ran suna, babu.
Faso kuwa ban nema ba,
shi na bar shi nan, yana shan taɓo.
Na ƙara masa tsawo, na rage masa kunne,
na sa masa farin takalmin da bai taɓa jin labarin damina ba.

Sai na tura shi dandalinsu,
inda fitila ba ta mutuwa, sauro bai san hanya ba.
Wata da fiffike, wani da kan mage,
kowa yana tafiya kamar ba a bin sa bashi.
A can na haɗu da mai kwat ɗin zinariya.
Ya ce daga Dubai yake magana, hawa na arba'in.
Na ce ni Abuja.
Mako biyu muna zama a bakin wani ruwa marar kifi,
muna gardamar motocin da muka sayar
saboda kalarsu ta gundure mu.

Wata la'asar na kasa haƙuri,
na shiga daga kan rumfar tsaro,
igiyar gwangwanaye a hagu, waya a dama.
Yana cikin ba ni labarin jirgin ruwansa
sai na ji kacau-kacau a kunnena,
na ji ya ce, Haa! Haa! Ku tashi!
Kafin in ƙifta ido
iska ta kawo mini ihun nan karo na biyu
daga ƙetaren magudanar ruwa.
Na ɗaga kai.
Sabitu ne, ɗan gidan Malam Jibo,
wandonsa naɗe har gwiwa,
yana jifan gajimaren tsuntsaye da hoge.

Shi ma ya ɗago.
Muka dubi juna, tsawon shan ruwa a moɗa,
kowa ya koma ga igiyarsa.

Da dare na same shi a wurin zamanmu, kwat na walƙiya.
Ya ce, Ya Abuja?
Na ce, Sai godiya. Ya Dubai?
Ya daɗe bai amsa ba.
Ya ce, Tsuntsaye sun yi yawa bana.

Ina cikin dariya data ta ƙare.
Na sauko da duhu a tafin hannu, kwaɗi na ta musu,
na wuce na farkon, rigar Baba tana kaɗawa.
Wancan ma na san yana can tsaye inda na bar shi,
hannu a buɗe, farin takalmi, ba ya motsi.
Ko me zai sauka a kafaɗarsa kafin in sayar da buhu?