Littafin Bashin Telan Agege

Shagona yana bayan layin dogo a Agege,
in jirgi ya wuce sai allura ta kama rawa.
Ƙarƙashin keken ɗinki akwai wani littafi
mai bango ruwan toka, ɓera ya ci gefensa.
Duk sunan da ke ciki na mai shirya wasan kwaikwayo ne,
ba mai ofis, ba mai albashi,
ba wanda hukuma ta san da zamansa.

Sallau ne a shafin farko.
Shekara goma sha ɗaya yana tafinta a kotun majistare,
yana juya kukan mai tumatir zuwa Turanci,
yana tauna Turancin alƙali ya miƙa wa mai ƙara.
Ya ce, "Malam Barau, can na koyi sana'ar nan.
Na ga mai gaskiya murya na rawa,
na ga maƙaryaci tsaye ƙyam kamar turke.
Na san inda hannu ke ɓuya in baki zai rantse."
Ran da ya ajiye aiki, yayansa ya bugo waya daga Funtuwa
ya tambaya ko a turo masa rubutu ya sha.
Yanzu a saman wani bene a Idi-Araba yake tara yara,
tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya,
ya zana dandali da alli a siminti,
ya ce da ɗan acaɓa, "Kai ne alƙali. Kar ka yi tsawa.
Alƙali ba ya tsawa, agogo yake dubawa."
Baƙaƙen riguna uku, hular lauya ɗaya ta auduga.
Dubu goma sha takwas. Ya ba da huɗu.

Folarin kwandasta ne a da,
Oshodi zuwa Obalende, yana lilo a ƙofar mota,
shi ya sa bai taɓa hayar lasifika ba.
Muryarsa kan je kujerar ƙarshe ta dawo da canji.
Hausarsa ta kasuwa, Yarabancina na ciniki,
amma da ya ce rigar sarauniya ta cika shiru
na gane, na ƙara mata ja a wuya.

Kande kuwa karatun abin ta yi,
ta sauka Ikko da takardar digiri a leda,
ta tarar takarda ba ta biyan kuɗin zaure.
Da safe tana koya wa 'ya'yan masu kuɗi haruffa a Yaba,
da yamma tana koya wa magina yadda ake mutuwa a hankali.
Ita kaɗai ke biya,
kuɗi a nannaɗe da roba, masu ƙanshin alli,
har nauyin karɓa nake ji.

Sau ɗaya na je kallo.
Wani garejin makanikai a Ebute Metta, tsakiyar damina,
ruwa na dukan kwano, muryoyi na nutsewa,
aka ɗauke wuta, janareta ya yi tari biyu ya mutu.
Mu tara ne 'yan kallo, har da mai gadi.
Ba wanda ya tashi.
Wani ya kunna fitilar wayarsa, sai wani, sai ni,
na ga zanen da na kalmashe da hannuna
yana tafiya cikin hasken da wata mata a ciki,
matar da na san tana saida ruwan leda a Mile Twelve,
amma daren nan, wallahi, ban iya haɗa ido da ita ba.

Yarona ya ce, "Maigida, yaushe za su biya?"
Na ce ya kawo min almakashi.

Jiya bayan isha'i Sallau ya sake leƙowa,
takalminsa jiƙe, yana dariyar mai neman alfarma.
Likkafani yake so, amma mai zif,
don gawar za ta miƙe a bayan labule
ta dawo lauya kafin a ƙirga ashirin,
'yan wasa sun yi kaɗan.
Na lashi yatsa, na buɗe sabon shafi.
Jirgin ƙarfe tara ya zo wucewa.
Muka tsaya, ni da shi,
muna jiran allura ta daina rawa.